Dutsen da ɗalibinki ya tsinto a Kalambaina dabbar teku ce

Wata malamar Bayoloji da ke koyarwa a wata makarantar sakandare cikin garin Sakkwato ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na iso darasin rabe-raben dabbobin teku marasa ƙashin baya, yarana kuwa babu wanda ya taɓa ganin teku. Haddar sunaye kawai suke yi, bayan jarrabawa su manta. Sannan wani yaro ya kawo mini ɗan dutse da ya tsinta wajen Kalambaina, bai kai goriba girma ba, da zane a bayansa kamar fure mai kunne biyar. Mene ne shi? Kuma yaya zan yi su gane yadda ake raba waɗannan dabbobi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri kan ɗawainiyar yaranmu. Da dutsen zan fara, domin amsar tambayarki ta biyu tana cikinsa. Ki adana shi da kyau, kada ya ɓace.

Abin da kika kwatanta ɓawon wata dabbar teku ne, wadda ta mutu, laka ta rufe ta, har ta zama dutse. Ana kiran danginta bushiyar teku, saboda lokacin da take da rai jikinta duk ƙaya ne. Wadda ta fi shahara a farin dutsen Kalambaina masana sun sa mata suna Linthia sudanensis, dutsen da take ciki kuwa shekarunsa sun kai kimanin miliyan 60. A wancan zamani wani teku mara zurfi ya ratso ta inda Sahara take a yau, ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato, Wurno, Dange da Wamakko, har cikin Nijar da Mali. Farin dutsen da kamfanin siminti na Kalambaina ke haƙa tun da ya fara aiki a 1967, galibinsa tarin ɓawon halittun wannan teku ne da lakar da ta danne su. Yau tsakaninmu da gaɓar teku ta Legas ya haura kilomita 700, amma yaranki a kan tsohon gindin teku suke tafiya kullum, kuma simintin ajin da suke zaune a ciki wataƙila daga nan ya fito. Ki fara darasin da wannan, za ki ga yadda za su gyara zama.

Sai kalmar "marasa ƙashin baya". Wannan ba sunan dangi ba ne. Kamar ka ce "duk wanda ba Bahaushe ba", ka zuba Bayarabe da Balarabe da Bature da mutumin Sin a buhu ɗaya. Sama da kashi 95 cikin 100 na nau'o'in dabbobin da aka sani ba su da ƙashin baya. Linnaeus, Baturen Suwidin da ya tsara yadda ake sa wa halittu suna, a 1758 gida biyu kacal ya yi musu: ƙwari da tsutsotsi. Duk abin da ba ƙwaro ba, daga dodon koɗi har murjani, ya tura shi gidan tsutsa. Lamarck na Faransa ne ya zo a farkon shekarun 1800 ya fara warware wannan tarin, kuma shi ya yaɗa kalmar da muke amfani da ita. A yau ana lissafa manyan gidajen dabbobi sama da 30, kusan dukkansu suna da wakilai a teku, wasu ma teku kaɗai suka sani. Mu masu ƙashin baya, da kifi da tsuntsu da akuya da ɗan Adam, ɗaki ɗaya ne kawai a cikin gida ɗaya.

Babban gida shi ne abin da littafin yaranki ke kira failam. Abin da ke sa a haɗa dabbobi biyu a gida ɗaya shi ne tsarin ginin jikinsu. Launi da girma da ɓawo duk suna yaudara, kama da wane kuwa ba ta wane. Ni da nake koyar da wannan fanni, tambayoyi kaɗan nake sa ɗalibi ya yi wa kowace dabba kafin ya nemi sunanta. Idan aka raba jikinta, ta ina zai rabu daidai? Akwai jiki irin na faifai, duk ta inda ka ratsa tsakiyarsa ɓangarorin biyu sun yi daidai, akwai kuma irin na kwalekwale, mai gaba da baya da dama da hagu, wanda layi ɗaya ne kawai zai raba shi daidai. Cikinta ƙofa nawa gare shi, ɗaya ce ta shiga da fita, ko baki daban mafita daban? Me ke riƙe da jikin, ruwa ne, ko sulke a waje, ko faranti a ƙarƙashin fata? Jikin gaɓa-gaɓa ne kamar kara, ko dunƙule yake? Ta ƙarshe, wadda ta fi duka warware rikici: yaya kamanninta suke tana jaririya?

Mafi sauƙin gini shi ne soson teku, gidan Forifera, ma'anar sunan kuwa "mai ɗauke da huji". Ki faɗa wa yara tun farko cewa soson wanka da muke samu daga yaɗon da ke hawa danga tsiro ne, na teku kuwa dabba ce. Ba shi da baki, ba hanji, ba jijiya, ba tsoka. Ki kwatanta musu shi da madambaci, jiki duk ƙananan huji. A cikin hanyoyin da ke bayan hujin akwai ƙwayoyin halitta masu 'yar bulala guda-guda, suna kaɗa ta ba dare ba rana, ruwa na shiga ta ƙananan hujin, suna tace abinci daga cikinsa, ya fita ta babbar ƙofa a sama. Abin da ke riƙe jikin 'yan allurai ne na alli ko na gilashi, ko wani zare mai laushi. A 1907 wani masani a Amurka, H. V. Wilson, ya matse soso mai rai ta cikin kyallen siliki har ƙwayoyinsa suka rarrabu, sai ya ga sun sake neman juna sun haɗu sun fara gina sabon soso. Wannan ya nuna irin sakin da ke tsakanin ƙwayoyin jikinsa.

Gida na biyu Nidariya, su ne kifin jeli da furen teku da murjani. Jikinsu jaka ce mai ƙofa ɗaya, da hannaye kewaye da ƙofar, ta nan abinci ke shiga, ta nan kuma saura ke fita. Bango biyu ne jakar, da wani abu mai kama da kamu a tsakani. Ki ɗauki ƙwarya ki shiga da ita aji. Idan kika ajiye ta a buɗe, baki sama, ga furen teku ko ɗan murjani manne a kan dutse. Idan kika kife ta kika ɗaga sama, ga kifin jeli yana yawo a ruwa. Gini ɗaya ne aka juya, kuma da yawa daga cikinsu suna yin rayuwar biyu, su fara a manne su ƙare a yawo. Kifin jeli ba kifi ba ne, kusan kashi 95 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, ba ƙwaƙwalwa sai ragar jijiyoyi da ta bazu ko'ina. Alamar gidan da babu mai ita sai su ita ce ƙwayar harbi: 'yar jaka ce da zare a naɗe a ciki kamar mashin masunci da igiyarsa, da an taɓa sai ta harba da dafi.

Murjani ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, tunda iyayenmu mata sun san shi tun kafin boko, kuma Alƙur'ani ya ambace shi tare da lu'ulu'u a Suratur Rahman, aya ta 22. Jan murjani na asali daga Bahar Rum yake fitowa, kuma ƙashin wasu 'yan ƙananan dabbobi ne da ke zaune a haɗe kamar rassan itace. Turawa sun daɗe suna ɗaukarsa tsiro, sai a shekarun 1720 wani likita Bafaranshe, Peyssonnel, ya nuna cewa abin da ake ce wa furensa dabba ce mai motsi da cin abinci. Wasu danginsa na ruwan ɗumi su ne ke gina tuddai a ƙarƙashin teku, irin wanda ke gabashin Ostireliya mai tsawon kusan kilomita 2,300. Suna iya wannan aiki ne saboda wata 'yar gansakuka da ke zaune cikin naman jikinsu, tana haɗa musu abinci da hasken rana. Idan ruwa ya yi zafi fiye da kima sai su kore ta, su yi fari fat, in abin ya daɗe su mutu.

Daga nan duk sauran gidajen jikinsu irin na kwalekwale ne, aƙalla a farkon rayuwa. Dabbar da ke tafiya gaba, a gaban ake tara mata baki da ido da jijiyoyi, shi ne asalin kai.

Tsutsotsi ba zan daɗe a kansu ba, amma ki hana yara ɗaukar "tsutsa" a matsayin gida ɗaya. Akwai masu faɗi kamar ganye, marasa mafita, danginsu ne ke sa tsargiya. Akwai mulmulallu marasa gaɓa, gidan su kurkunu, waɗanda suka cika lakar teku maƙil. Akwai kuma masu gaɓa-gaɓa, Anelida, gidan tana, wato tsutsar ƙasa, da matsattsaku, waɗanda yawancin 'yan uwansu a teku suke, kowace gaɓa da 'yan fukafukai biyu masu gashi na iyo da numfashi. Ɗaya daga cikinsu ta girgiza masana a 1977, lokacin da wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin ya nutsa kusa da tsibiran Galafagos, ya tarar da tsutsotsi masu tsawon da kan kai mita 2 a bakin maɓuɓɓugar ruwan zafi, cikin duhun da rana ba ta taɓa kaiwa ba. Ba su da baki ba su da hanji, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin jikinsu ne ke haɗa musu abinci daga sinadarin da ke fitowa daga ƙasa.

Gidan da za ki fi jin daɗin koyarwa a Sakkwato shi ne Molaska, masu taushin jiki, domin samfurinsu na nan a hannunmu. Abu huɗu ne ginin gidan: ƙafa ɗaya ta tsoka, dunƙulen kayan ciki a samanta, mayafin fata da ya lulluɓe kayan cikin wanda kuma shi ke ƙera ɓawo, sai harshe mai jerin ƙananan haƙora kamar magagari, na kankare abinci. Duk bambancin da ke tsakanin dodon koɗi da kawa da oktofus, yadda aka sarrafa waɗannan huɗun ne.

Dodon koɗi da katantanwa yara sun san su, ƙafa shimfiɗaɗɗiya, ɓawo ɗaya a murɗe. Abin da ba su sani ba shi ne wuri ma ɗan ɗakinsu ne. Kalmar "kuɗi" da muke faɗa kullum jam'in "wuri" ce, domin da shi aka yi ciniki a kasuwannin Daular Usmaniyya ta Sakkwato, har ana ƙirga keso guda a matsayin wuri 20,000. Wancan wuri ɓawon wani dodon koɗin teku ne, Monetaria moneta, da ake kwasowa daga tsibiran Maldif a tekun Indiya, daga baya a ƙarni na 19 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgo wani ɗan uwansa daga gaɓar Zanzibar har darajarsa ta faɗi. Ki sa yara su duba wuri guda. Tsagar nan mai haƙora ita ce ƙofar da dabbar ke fitowa. Sheƙin bayansa kuwa dalilinsa shi ne mayafin dabbar yakan fito ta gefe biyu ya rufe ɓawon ta waje, yana goge shi yana ƙara masa rufi. In suka ce ai ba a murɗe yake ba, ki nemo wanda aka fasa wa baya, irin wanda ake ɗinkawa a jikin kaya, za su ga murɗin a ɓoye a ciki.

Ɗaki na biyu masu ɓawo biyu ne kamar marfin akwati, su kawa, da 'yan uwansu na ruwan daɗi da ake samu a gulbin Rima. Su ba su da kai, kuma sun rasa harshen magagari, domin tace ruwa suke yi da gaɓoɓin numfashinsu. A cikinsu lu'ulu'u ke samuwa: wani abu ya shiga tsakanin mayafi da ɓawo ya dami dabbar, sai mayafin ya yi ta lulluɓe shi da rufi a kan rufi. Farin dutsen Kalambaina cike yake da burbushinsu.

Ɗaki na uku su ne masu ƙafa a ka, su oktofus da ɗan uwansa mai dogon jiki, sukwid. A nan zan ja hankalinki kan wani kuskure da nake yawan gani a fassarorin intanet, inda ake kiran oktofus "dorinar ruwa". Dorina dabba ce mai shayarwa, mai ƙashin baya, wadda mutanen Yawuri suka sani sarai. Ki ce oktofus, ko mai hannu takwas. A jikinsa ƙafar nan ɗaya ce ta rabu ta zama hannaye kewaye da baki, bakin da ƙoto irin na aku, harshen magagari kuma yana nan a ciki. Mayafin ya zama jakar tsoka da ke zuƙar ruwa ta feso shi da ƙarfi, dabbar ta yi baya a guje, in an matsa mata ta saki tawada. Zuciya uku gare shi, biyu na tura jini zuwa gaɓoɓin numfashi, ɗaya na tura shi sauran jiki. Jininsa shuɗi ne, saboda jan ƙarfe ne ke ɗaukar iska a cikinsa a inda namu ke amfani da baƙin ƙarfe. Ƙwayoyin jijiyarsa kusan miliyan 500 ne, kashi biyu cikin uku a hannaye suke. Duk lokacin da na tuna cewa wannan halitta da dodon koɗin da ke jan ciki a bayan randa gini ɗaya ne, sai in yi tasbihi.

Oktofus ya bar ɓawo, amma wani ɗan ɗakinsu, notilus, yana nan da nasa har yau a tekun Fasifik da na Indiya. Ɓawon a naɗe yake, an yanka shi ɗaki-ɗaki, dabbar na zaune a ɗakin ƙarshe, wani siririn bututu kuma ya ratsa sauran yana rage ruwa yana barin iska, don ta yi sama ko ƙasa yadda masuncin Argungu ke dogara da gorarsa. Ana samun burbushin dangin notilus a dutsen Kalambaina. A duwatsun da suka girme shi kuwa, na wajen Dukamaje, ana samun wasu masu naɗaɗɗen ɓawo da ake kira amonait, tare da ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972 saboda garin Goronyo. Amonait sun ƙare kaf shekara miliyan 66 da suka wuce, lokaci ɗaya da dainoso. Shi ya sa suke a Dukamaje amma babu su a Kalambaina. Tsakanin waɗannan wurare biyu na jiharmu akwai ɗaya daga cikin manyan iyakokin tarihin halittu a duniya.

Sai gidan da ya fi kowane yawan nau'i, Atrofoda, masu ƙafa gaɓa-gaɓa. Gidan fara da kyankyaso da kunama da gizo-gizo ke nan, wakilansu a teku kuwa su ne kaguwa da jatan lande da danginsu. Sulke suke sawa a waje, na wani abu mai suna kaitin, na teku kuma sukan ƙarfafa nasu da alli. Sulke ba ya girma, don haka dole dabbar ta yi saɓa lokaci-lokaci, ta fito da taushi, ta kumbura da ruwa, ta ɓuya har sabon ya yi tauri. Ki sayo busassun jatan lande a kasuwa, irin waɗanda ake kawowa daga kudu don miya, ki zaɓi manya ki jiƙa su. Yara za su ƙirga ƙafa goma a ƙirji, su ga 'yan ƙafafun iyo a ƙarƙashin ciki, su ga eriya kashi biyu a ka. Fara kashi ɗaya gare ta da ƙafa shida, kunama ba ta da eriya ko ɗaya, ƙafarta takwas. Kaguwa kuwa jatan lande ce da aka faɗaɗa wa ƙirji aka naɗe wa ciki a ƙasa, ki juya ta ki ga cikin a manne.

A wannan gida ne kama ta fi yaudarar masana. Akwai wata halitta, banakul, da ke manne a jikin duwatsun gaɓa da gindin jiragen ruwa cikin ɓawon alli, ba ta motsawa daga inda take. Linnaeus da Cuvier, masanin dabbobi na Faransa, duk sun sa ta tare da su kawa. A 1830 John Vaughan Thompson ya bi jaririyarta, ya ga tana iyo da ƙafafu masu gaɓa kamar ta jatan lande, daga baya ta manna kanta a dutse, ta gina ɓawo, ta riƙa miƙo ƙafafu tana shuro abinci zuwa baki. Darwin, masanin halittu na Ingila, ya shafe shekara takwas, daga 1846 zuwa 1854, yana nazarin su kaɗai. Haka kuma wadda ake kira kaguwa mai siffar kofaton doki, ta gaɓar Amurka da Asiya, ba kaguwa ba ce, ta fi kusa da kunama da gizo-gizo. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsi, kofifod, da suke cikin dabbobin da suka fi yawa a teku, abincin ƙananan kifaye. 'Yan uwansu na tafki su ne ke ɗauke da ƙwan cutar kurkunu, shi ya sa tace ruwan sha da kyalle ya yi tasiri a yaƙin da ya kai Najeriya ga samun shaidar rabuwa da cutar a 2013.

Yanzu mu koma kan dutsen ɗalibinki. Gidansa Ekinodamata, masu ƙayar fata, kimanin nau'i 7,000 masu rai: tauraron teku, bushiyar teku, kokwambar teku da sauransu. Alamarsu ta farko lamba biyar, jiki kashi biyar kewaye da tsakiya. Ta biyu, ƙashinsu farantan alli ne a ƙarƙashin fata. Ta uku ita ce wadda babu irinta a duk duniyar dabbobi: bututun ruwa a cikin jiki. Ruwan teku na shiga ta wani ɗan faranti mai huji kamar rariya a bayan dabbar, ya bi zobe kewaye da baki, ya rabu hanya biyar, kowace hanya da ɗaruruwan 'yan ƙafafu masu kama da bututun roba. Dabbar na matsa ruwa ƙafar ta miƙe, ta sassauta ƙafar ta dawo, kamar yadda jak ɗin ɗaga mota ke aiki da mai. Da waɗannan ƙafafu tauraron teku ke kama kawa ya yi ta ja har ɓawon ya ɗan buɗe, tsagar da ba ta kai milimita ɗaya ba ta ishe shi, sai ya fito da tumbinsa ta baki ya zura ciki ya narkar da naman a can. Ba su da kai, ba su da ƙwaƙwalwa.

Ki jiƙa dutsen da ruwa ki duba da gilashin ƙara girma. Kunnuwan furen nan biyar su ne hanyoyin ruwa biyar, kuma za ki ga 'yan huji biyu-biyu a jere a gefensu, ta nan ƙafafun numfashi ke fitowa. 'Yan ƙurajen da ke sauran jikin su ne mazaunin ƙayoyi. Ki juya shi: bakin yana ƙasa, ya matsa gaba, mafita kuma tana can ƙarshen baya. Ɗaya daga cikin kunnuwan biyar yana kwance cikin wani kwari da ya gangara gaba, shi ya ba dutsen siffar zuciya. Bushiyar teku ta kan dutse zagayayya ce kamar ƙwallo, da haƙora biyar a ƙasa na kankare gansakuka. Wannan irin taki kuwa cikin laka take kutsawa tana haɗiyar ta, ta bar haƙora, ta kuma sake samun gaba da baya saboda tafiyar da take yi. A dutse ɗaya ga tsarin faifai ga na kwalekwale.

Wani abu kuma: duk gidan Ekinodamata babu ko ɗaya da ke zaune a ruwan daɗi ko a tudu. Ba su da gaɓar da ke daidaita gishirin jiki irin ƙodarmu, ruwan jikinsu kusan ruwan teku ne. Kawa da dodon koɗi da kaguwa duk ana samun su a gulbi, don haka burbushinsu kaɗai zai iya barin gardama. Amma bushiyar teku a Kalambaina hujja ce yankakkiya cewa ruwan da ya kwanta a nan na gishiri ne, teku sosai.

Jaririn tauraron teku kuwa ba shi da kashi biyar ko kaɗan, dama da hagu gare shi kamar kowa, sai daga baya ya sake gini. In aka koma baya zuwa farkon tayi, ƙofar farko da ke buɗewa a jikinsa ita ke zama mafita, baki ya biyo daga baya. Haka abin yake a tayin kifi da na ɗan Adam. A su dodon koɗi da tana da kaguwa kuwa, galibi ƙofar farko baki take zama. Wannan ya sa masana suka ajiye bushiyar teku kusa da gidanmu fiye da oktofus mai ido da wayo. A cikin gidan namu ma, Kodata, akwai marasa ƙashin baya. Ɗaya daga cikinsu wata halitta ce kamar salka manne a dutse, mai baki biyu, in an taɓa ta ta feso ruwa. A 1866 Kowalevsky na Rasha ya gano jaririyarta kamar talibambam take, da wutsiya da wata sanda mai lanƙwasa a baya da igiyar jijiya a samanta, irin sandar da ke bayyana a tayinmu kafin ƙashin baya ya maye gurbinta.

Littafin da ke hannunki wataƙila ya ajiye tana kusa da jatan lande saboda dukkansu gaɓa-gaɓa ne. Haka aka daɗe ana koyarwa. Daga 1997 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa Atrofoda sun fi kusa da mulmulallun tsutsotsi, tunda dukkansu masu saɓa ne, tsutsar tana kuwa ta fi kusa da dodon koɗi, abin da kamannin jariransu na teku suka daɗe suna nunawa. Ki koya musu abin da manhaja ta ce don jarrabawa, amma ki gaya wa masu ƙwazon cikinsu wannan.

Ranar darasi ki shimfiɗa kaya a tebur kafin ki rubuta suna ko ɗaya a allo: dutsen nan, wuri mai lafiya da fasasshe, katantanwa, ɓawon kawar gulbi, jiƙaƙƙen jatan lande, fara, tana a cikin gwangwani da damshin ƙasa, ƙwarya, da tsakiyar murjani in an samu na asali, don yawancin na kasuwa yanzu gilashi ne ko roba. Ki raba yaran, kowane rukuni ya yi wa kayan tambayoyin nan da na lissafa, su haɗa waɗanda suke ganin 'yan gida ɗaya ne, su kare ra'ayinsu. Za a samu masu haɗa wuri da dutsen Kalambaina saboda tauri, masu haɗa tana da duk wani abu dogo. Gyaran wannan kuskure a gabansu shi ne darasin, sunayen sai su biyo baya. Ki kankare ɗan garin ɓawon katantanwa da ɗan garin farin dutse, ki ɗiga wa kowanne ruwan lemun tsami, su ga duka biyun suna 'yar kumfa, alamar alli ɗaya ne. Kada ki ɗiga a kan burbushin kansa, zai ci zanen.

In kina son ƙarin samfuri, kada ki bar yara su shiga ramin haƙar dutse su kaɗai, wuri ne mai haɗari kuma sai da izinin masu shi. Masu haƙar rijiya a yankin Wamakko da Dange sukan ratsa wannan farin dutse, ki roƙe su su ajiye miki duk mai zane da suka fito da shi. Kowanne ki sa masa 'yar takarda da sunan wurin da aka same shi da zurfin ramin da ranar, sannan ki kai su sashen nazarin ƙasa da duwatsu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba miki sunayensu.